Sanda a Hannun Mai Keke: Buƙatar Sake Duban Wasannin Sanda na Gargajiya a Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya tsaya a bakin tasha ko ƙofar kasuwa a Dutsin-Ma ko Kurfi ba zai rasa ganin matashi a kan keken guragu mai ƙafa uku yana murza shi da hannu ba. Mafi yawan masu wucewa ƙafafunsa suke kallo, daga nan sai tausayi, sai lalubar aljihu. Kaɗan ne ke lura da kafaɗunsa da damatsansa, waɗanda turin keke na shekara da shekaru ya mayar tamkar na ɗan kokawa. Nazarin al'adun Hausawa ma bai tsira daga wannan gajeren gani ba. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan dambe da kokawa da tauri, amma akasarinsu sun ginu ne a kan tunanin cewa ɗan wasa mutum ne tsayayye a kan ƙafa biyu. Lokaci ya yi da manazarta za su ƙalubalanci wannan tunani, kuma wasan sanda ne ƙofar da ta fi sauƙin buɗewa.

Sanda ba baƙuwa ba ce a rayuwar Bahaushe, kamar yadda yawan sunayenta ya nuna. Akwai gora ta matafiyi da makiyayi, da kulki na mai gadi, da kere na mafarauci, da kwagiri na dattijo, da kandiri na basarake. A fagen wasa kuwa akwai takkai, inda samari ke kewayawa ana kiɗa suna haɗa sandunansu da juna bisa ƙa'idar rawa. Akwai kuma shaɗi ko sharo na Fulani, inda saurayi ke buɗe ƙirji a tsala masa tsumagiya don a ga jimirinsa. A takkai, gwaninta tana cikin wuyan hannu da saurin ido da sanin lokacin da sandar abokin wasa za ta iso. Babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku da shan inna ke raba mutum da shi idan ƙafafu kaɗai ta taɓa.

Sunan cutar kansa abin nazari ne. An kira ta shan inna ne saboda daɗaɗɗen imani cewa Inna, ɗaya daga cikin iskokin bori, ita ke shanye ƙafar yaro. Ilimin likitanci ya tabbatar da cewa ƙwayar cuta ce ke lalata jijiyoyin motsi, kuma a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali, bayan Nijeriya ta ga na ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Sai dai yaran da ta riga ta shanye wa ƙafa ba su tafi ko'ina ba. Su ne samari da magidantan yau. A kansu kuma ga waɗanda haɗarin mota da babur ya zaunar, da waɗanda harsashin 'yan bindiga ya raunata a wannan yanki da ya sha fama da hare-hare.

Duniya ta daɗe da gwada wasan makami a zaune. Likita Ludwig Guttmann, wanda ya assasa wasannin asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1948, shi ya shigo da wasan takobi na masu keke, kuma wasan yana cikin gasar naƙasassu ta duniya tun wadda aka yi a birnin Rum a 1960. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana ɗaure kekunan biyu a jikin ƙarfe a ƙasa don kada su motsa, sannan a auna tazarar da ke tsakani da tsawon hannun 'yan wasan. Kai hari da kaucewa duka sai su koma ga ƙugu da kafaɗa da hannu. A Masar kuma akwai tahtib, wasan sanda na mutanen kudancin ƙasar, wanda ake yi da kiɗa ba tare da an jibgi jikin abokin karawa ba, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Misali na farko ya nuna cewa zama ba ya hana fafatawa. Na biyu ya nuna cewa sandar ƙauye tana iya samun daraja ba tare da ta zubar da jini ba.

Ba lallai ne ma a tsallaka teku ba. Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano wanda shi ma shan inna ta taɓa, shi ya ƙirƙiro ƙwallon guragu a 1988, wadda ake bugawa da hannu a kan katako mai tayoyi, kuma yau ana gasarta tsakanin jihohi. A gasar Rio ta 2016 'yan wasan Nijeriya masu naƙasa sun dawo da lambobin zinare 8, galibinsu a ɗaga nauyi, wato wasan ƙarfin hannu. Hausawa na cewa sandar da ke hannu da ita ake kashe maciji. Didi da abin da ke hannunsa ya fara.

Akwai sukar da ta cancanci a saurara. Ta farko ita ce, a Katsina gora ta yi ƙaurin suna a hannun ƙauraye da 'yan bangar siyasa, don haka koyar da ita kamar ƙara wa wuta itace ne. Amsar ita ce, abin da ya raba dambe da faɗan unguwa ba dunƙulen hannu ba ne, ƙa'ida ce da alƙali da fage da 'yan kallo. Haka sanda take. Amma dole a faɗi gaskiya ɗaya tun da wuri: wannan wasa ba makamin kare kai daga ɗan bindiga ba ne, kuma duk wanda ya tallata shi da wannan suna ya yaudari mutanen da ba su da halin gudu.

Suka ta biyu daga masu kishin gargajiya take, cewa takkai a zaune ba takkai ba ce, tunda kewayawa da taku suna cikin jininta. Wannan gaskiya ce, kuma babu dalilin ɓoye ta. Abin da zai fito sabon wasa ne mai tushe a tsohon. Damben da ake kallo yau da tikiti da alƙalin wasa da kyamara ai ba shi ne wanda mahauta suke yi bayan kaka a da ba, amma ba wanda ya ce ya daina zama dambe. Al'adar da aka hana ta sauyawa gidan tarihi take nufa.

Suka ta uku ta fi nauyi, domin ta shafi lafiya. Wanda shan inna ta kama yana jin zafi a ƙafarsa ko da ba ya iya motsa ta, amma mai raunin laka yana iya rasa ji gaba ɗaya, ya samu rauni bai sani ba har ya rikiɗe ya zama gyambo. Saboda haka shaɗi, wanda ginshiƙinsa shi ne jure duka, bai dace a ɗauke shi abin koyi ba. Abin da ya dace shi ne sanda mara nauyi da aka naɗe da soso, da hular kariya, da maki bisa taɓawa ba bisa ƙarfin bugu ba, da raba 'yan wasa rukuni-rukuni gwargwadon yadda kowa ke iya riƙe ƙugunsa. Keke mai ƙafa uku ma bai dace da fage ba, saboda abin murzawarsa yana tsaye a gaban ƙirji, kuma yana saurin kifewa idan aka karkata. Kujera mai faɗin gindi da maƙerin walda na gari zai iya ƙerawa ta wadatar.

Dutsin-Ma tana da abin da aikin ke buƙata: Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Kurfi da ƙauyukanta a maƙwabtaka. Matakin farko na manazarta Hausa ne, wato su bi dattawan da suka riƙe sanda a ƙuruciya, su naɗi sunayen bugu da kariya da kirari da kiɗan da ke rakiya, kafin masu su su ƙare. Mataki na biyu shi ne zama da malaman motsa jiki da likitocin gashin ƙashi. A kowane mataki kuwa, sarakunan guragu da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman su ne za su yanke hukunci, maza da mata, ba a tsara a kawo musu ba. Idan suka gwada suka ce ba su so, maganarsu ce ta ƙarshe.

Dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tilasta a samar musu da hanyar shiga gine-ginen jama'a. Ba ta isa ta tilasta wa makaɗi ya yi wa mai keke kirari ba. Wannan aikin al'umma ne da masu nazarin al'adunta, kuma ranar da aka buga wa ɗan Kurfi taken jarumta yana zaune a kujerarsa, 'yan kallo suna duban hannunsa maimakon ƙafarsa, ranar ce za a san an fara.