Sharhi: Kafin ka aika kuɗin sabon batir gida, ka san abin da za a saya da su

Duk wanda ke da iyaye ko iyali a ƙauyukan Madawa, Buza ko Keita ya san takaicin kiran gida ya ji waya a kashe. Ya kira da safe, ya kira da dare, shiru. Ranar da ta shiga, bayanin ɗaya ne: batir ba ya riƙe caji. Daga nan sai ɗan ci-rani da ke Abijan, Legas ko Tarabulus ya nufi Nita ko Amana ya turo kuɗi, tare da jan kunne cewa a sayi mai ƙarfi, kada a yi rowa. Ranar kasuwa ƙane ya je ya zaɓi wanda lambar da ke jikinsa ta fi kowace girma. Bayan wata biyu ko uku wayar ta koma gidan jiya, wani lokacin ma har da kumburi a bayanta.

Wani zai ce batir ai ƙaramin abu ne, bai kai a rubuta sharhi a kansa ba. Mu a ganinmu ya kai. A ƙasar Adar, inda ba kasafai ake samun gidan da ba shi da wani a ci-rani ba, waya ita ce igiyar da ta ɗaure na waje da na gida. Ta cikinta ake sanar da rasuwa da haihuwa, ta cikinta lambar karɓar kuɗi ke zuwa. Manomin albasa a kwarin Tarka da ita yake jin farashin buhu kafin dillali ya iso bakin gona. Idan batir ya mutu, duk wannan ya tsaya.

Wutar da za a yi cajin ma ba a kullum take ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna kusan mutum 1 ne cikin 5 ke samun wutar lantarki a Nijar, kuma a karkara abin ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. An buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, amma ƙauyuka da dama har yanzu rumfar mai caji da farantin sola su ne NIGELEC ɗinsu. Waɗanda ke da layi ma ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, ba ta dawo da ita ba sai a 2024 bayan ɗage takunkumin ECOWAS. Mutumin da ke biyan kuɗi a duk cajin da ya yi, ko yake aika yaro da waya zuwa wani gari, dole ya yi kwaɗayin batirin da aka ce masa zai kwana uku. Masu buga lambar ƙarya sun san wannan buƙata, da ita suke cin kasuwa.

Lambar da ke jikin batir

Lambar nan da ake rubutawa da haruffa mAh a bayanta mudu ce, tana faɗin yawan cajin da batir zai iya ɗauka. Yawancin manyan wayoyin Tecno, itel, Infinix da Samsung da ke hannun matasa a yau suna zuwa da batir mai 5,000. Sanannen batirin nan na ƙananan Nokia, BL-5C, nasa kusan 1,000 ne. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, yawan cajin yana tafiya ne da yawan sinadarin da ke cikin batirin, shi kuwa sinadari wuri yake ci, kuma yana da nauyi. Manomin Madawa ya san buhu. Idan wani ya zo masa da buhu daidai da na kullum ya ce wannan yana cin albasar buhu uku, dariya zai yi masa. To haka batir yake. Idan ramin wayarka na batir mai 1,000 ne, aka kawo maka wani daidai tsawonsa da kaurinsa an rubuta 3,000 ko 5,000, abin da aka ƙara tawada ce kawai.

Batir mai dogon zango na gaskiya akwai shi. A zamanin da ake ɓalle bayan waya da farce, irin su Galaxy S3 da S4, ana sayar da batura masu ninkin caji, sai dai sun ninka na asali kauri, har sai an haɗa su da wani murfin baya mai tozo. Kaurin shi ne shaidarsu. A ƴan shekarun nan kuma kamfanoni sun fara sa sinadarin silikon a batir, shi ya sa ake ganin sababbin wayoyi masu 6,000 ko 7,000 ba tare da sun yi kauri sosai ba. Amma wannan ƙari ne na wani kaso, kuma kamfanin ne ya gina wayar da batirinta tare. Ba a taɓa samun fasahar da za ta ninka batirin tsohuwar waya sau uku a cikin tsohon raminsa ba, balle a same ta a kan tebur a farashin da bai kai na asali ba.

Asarar kuɗi ce ƙaramar illar. Batirin lithium na kirki yana da ɗan allon tsaro da ke yanke wuta idan caji ya cika ko ya yi ƙasa da yawa. Wurin rage farashi, irin wannan ne masu jabu ke fara tauyewa. Wasu kuma tsofaffin batura suke tattarawa su sake musu riga. A tuna abin da ya sami Samsung a 2016: kamfanin da ke da ɗakunan gwaji da dubban injiniyoyi ya janye wayoyin Galaxy Note 7 kusan miliyan 2.5 saboda batirinsu na kamawa da wuta, daga baya ya daina ƙera wayar gaba ɗaya. Idan hakan zai faru da kayan da aka gwada, ina ga wanda babu sunan maƙerinsa ko adireshinsa? A gidajen da ke da danni da rumbun hatsi da katifar soso, wannan ba abin wasa ba ne.

Abin da za a duba a kasuwa

Na farko, a tabbatar batirin ne ya mutu. Sau da yawa laifin na igiyar caji ne, ko ƙurar hunturu da ta cushe bakin cajin, ko raunin layi. Wayar da ke wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ta fi cin wuta, domin ƙara ƙarfi take yi tana neman eriya. Saboda haka batir ɗaya zai kai dare a cikin garin Tawa, amma ya mutu da la'asar a ƙauyen da ke bayan dutse a Keita. Sabon batir ba zai gyara wannan ba. A gwada wata igiya, a share bakin caji a hankali da abin da ba ƙarfe ba, a kashe data idan ba a aiki da ita, sannan a yanke hukunci.

Na biyu, a tafi kasuwa da tsohon batirin, ko hoton rubutun jikinsa. Kowane batir yana da lambar samfuri da ƙarfin wutarsa, galibi tsakanin volt 3.7 zuwa 3.87. Sabon ya dace da su. Lambar mAh kuwa ta zama daidai da ta asali ko ta ɗara ta kaɗan. A ɗora su biyun a tafin hannu. Idan sabon ya yi iƙirarin ninkin caji amma ya fi tsohon rashin nauyi, an gama magana. A duba ranar ƙira, domin batir yana tsufa ko ba a taɓa sa shi a waya ba, musamman wanda ya shekara a cikin gilashi rana na dukansa.

Na uku, a sayi alkawari tare da kaya. Mai shagon da ya yarda ya rubuta ranar saye da sunan shagonsa, ya ce a dawo da shi cikin mako biyu ko wata idan bai riƙe caji ba, ya fi wanda ya rage maka jaka ɗaya ya ce in ka bar nan ba ruwansa. Wayoyin da batirinsu ke manne a ciki kuwa, a kai wa mai gyaran da aka sani, a tsaya a ga abin da ya cire da abin da ya sa. Kada a zaƙulo batir da wuƙa ko tsinke, domin huda shi na iya tayar da wuta nan take.

Ga ɗan lissafi na misali. A ce na araha jaka biyu ne yana wata uku, na kirki kuma jaka biyar yana shekara ɗaya da rabi. A tsawon wannan lokaci mai son araha ya saya sau shida, ya kashe jaka goma sha biyu, ban da kuɗin mota zuwa kasuwa da ladan mai aika kuɗi. Dama an ce araha ba ta ado.

Wanda da gaske yake buƙatar wayarsa ta kwana biyu ko uku ba caji, hanyar da ta fi aminci ita ce ya sa batir daidai da na asali, ya haɗa da fawa-bank na kirki ko ƙaramin farantin sola. Shi ma fawa-bank ɗin ana yi masa ƙarya. Mai 10,000 na gaskiya nauyinsa kusan giram 200 ne, kuma saboda wutar da ke ɓacewa wurin juyawa, wayar mai 5,000 zai cika ta kusan sau ɗaya da rabi, ba sau biyu ba. Duk wanda ya shiga aljihun riga ba a ji nauyinsa ba amma an rubuta masa 50,000, a bar wa mai shi kayansa. Masu dawowa gida ta jirgin sama da tsaraba su sani, ba a sa fawa-bank ko batirin da ba ya cikin waya a jakar da ake aunawa. A jakar hannu ake riƙe shi, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da izini ba ita ce 100Wh, wato kusan 27,000 mAh.

Zafi ne ke kashe shi

Ko batirin asali ne, riƙo ne ke yanke masa kwana. Kamfanin Apple ya ce batirin iPhone 14 da na gabansa an ƙera su ne su riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsu bayan cikakken caji 500, ya kuma yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 na iya yi wa batir lahanin da ba ya gyaruwa. A jihar Tawa, a watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40 a inuwa. Ke nan abin da a Turai ake ɗauka haɗari ne na wani lokaci, a nan shi ne yanayin bazara gaba ɗaya.

Saboda haka wasu ɗabi'u sai an bar su. Jibge wayoyi talatin a kan juna a rumfar kwano da tsakar rana ana caji. Sa waya ƙarƙashin matashi tana caji. Kallon TikTok ko kiran bidiyo na WhatsApp tana jone har ta ƙona tafin hannu. Barin ta a gaban mota ko ƙarƙashin sirdin babur. A yi caji da asuba ko da dare, a inuwa, a cire mata riga idan ta ɗauki zafi. Maganar da ake yi cewa sabon batir sai ya mutu murus sannan a yi masa cajin awa takwas, ta tsofaffin baturan nikel ce. Na lithium ya fi son a jona shi kafin ya sauka ƙasa da kashi 20, kuma ba dole ne ya kai 100 kullum ba. Batirin da ya kumbura kuwa ya gama aiki, iska ce ta taru a cikinsa. Ba a danne shi, ba a sa shi a firij, ba a ɗaure wayar da roba a ci gaba. A cire shi, a ajiye a gwangwani da yashi nesa da yara da murhu, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa.

Duk wannan nauyi bai kamata ya tsaya a kan mai saye kaɗai ba. Tarayyar Turai ta fara aiki da ƙa'ida tun Yunin 2025 cewa batirin sabuwar waya ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa. China kuma a Yunin 2025 ta hana shiga jiragen cikin gida da fawa-bank ɗin da ba shi da tambarin tantancewarta. Tambayar da ta dame mu ita ce, kayan da waɗannan kasuwanni suka ƙi, ina za su nufa? Muna kira ga hukumar kula da ingancin kaya da awo ta ƙasa, ANMC, da jami'an kwastan da ma'aikatar kasuwanci su sa batura da fawa-bank cikin kayan da ake dubawa a ƙofar shigowa. Na'urar auna yawan cajin batir ba ta da tsada. Ƙungiyoyin masu gyaran waya a Madawa, Buza da Keita za su iya mallakar ta, su amince a tsakaninsu da mafi ƙarancin lokacin garanti, su kuma tanadi wurin tara matattun batura. Gidajen rediyon al'umma ma suna da rawar takawa, domin yawancin masu sayen nan da kunne suke samun labari.

Kai kuma ɗan'uwa da ke waje, kuɗin guminka ne. Idan za ka sake aikawa, ka haɗa da saƙon murya na minti ɗaya: a tafi da tsohon batirin, a nemi mai lamba irin tasa, a auna nauyi a hannu, a karɓo takarda. Ka ce a turo maka hoton sabon kafin a biya.