Shafa Wa Shingen Katako Mai: A Kare Katakon, A Kare Yaran

Idan damina ta ja baya a Legas da Ibadan da Abuja da sauran biranen da muke zaune, lokacin ne magidanta ke zagaya gida suna ƙirga ɓarnar da ruwa ya yi. Cikin abubuwan da suka fi jin jiki akwai katakon da ke waje: shingen ɗan lambun uwargida, ƙyauren da ya raba yara da janareta ko bakin rijiya, akurkin kaji, da dogaran baranda. Za ka tarar ya yi fari-fari kamar toka, ya tsattsage, gindinsa ya yi baƙi, wani wurin ma gara ta riga ta ɗora ƙasarta.

Maganar ta shafi shafin lafiya ne domin duk abin da aka shafa wa wannan katako, a hannun yaro zai ƙare. Shi ke dafa shi yana koyon tafiya, shi ke hawansa, shi ke gatsarsa lokacin haƙori, kuma da wannan hannun yake cin abinci.

Abubuwa uku ke cinye katako a waje. Ruwa yana shiga jikinsa ya kumbura, rana ta busar da shi ya tsuke, a haka har ya tsage. Hasken rana yana ƙona samansa, shi ne farin nan da ake gani. Danshi kuma yana kiran ruɓa da gara. Katako ma suna ya tara. Loko, wanda 'yan kasuwa ke kira iroko, da tik suna jure ruwa da gara shekara da shekaru. Obeche kuwa, farin katakon nan mara nauyi, bai dace da waje ba sam. Wanda zai je kasuwar katako, ko ta Bodija a Ibadan ko ta Dei-Dei a Abuja, ya faɗa wa mai sayarwa cewa a waje za a kafa, kada a ba shi na silin.

A shagon fenti za a nuna maka abu uku. Fentin mai yana kwanciya a saman katako kamar fata, kuma idan ruwa ya ratsa ƙarƙashinsa sai ya kumbura ya ɓare. Banish mai ƙyalli na kujeru da ƙofofin cikin ɗaki ne, rana tana farfasa shi. Na uku shi ne man katako mai launi, wanda ke nutsewa cikin katakon ya bar zanen jikinsa a fili. Shi ya fi dacewa da shinge, domin ba ya ɓarewa, dishewa kawai yake yi, kuma sake shafa shi ba ya buƙatar kankara. Mai launi mai duhu ya fi tare rana a kan wanda ba shi da launi. Akwai wanda ake sirka shi da tina, akwai na ruwa. Gidan da ke da mai asma ko mai juna biyu ko jariri, na ruwan ya fi masa, saboda warinsa kaɗan ne kuma da sabulu ake wanke burushi.

Haɗin baƙin mai

Abin da aka saba gani shi ne kafinta ya karɓo baƙin mai daga garejin makanikai, ya sirka da man gas ko kananzir, wani ya ƙara fiya-fiya ko gamalin don gara, a shafe katako. Yana da araha, kuma gaskiya gara ba ta son sa. Sai dai garin gyaran gira ake rasa ido.

Man da inji ya riga ya ƙona yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da ragowar ƙonewa waɗanda aka san suna da alaƙa da kansar fata idan ana yawan taɓa su. Ba ya bushewa kamar fenti. Duk ranar da rana ta take sai ya tsattsafo ya ɓata hannu da tufafi, ruwan sama kuma ya wanke shi cikin ƙasa, kusa da alayyafon da aka shuka ko rijiyar da ake sha. Shi kuwa sinadarin gamalin, wato lindane, an sa shi cikin jerin gubobin da ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da su a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm tun 2009. Fiya-fiya ma guba ce da ke ratsa fata ta shiga jiki. Ko ɗaya a cikinsu bai kamata ya hau abin da yaro ke taɓawa ba.

Idan gara ce damuwar, a sayi maganin katako na gwangwani da aka yi don wannan aiki, mai takardar bayani a jikinsa, a shafa a gindin turaku da wuraren da aka yanka, a bari ya bushe sarai kafin a bi da man launi. Mafi sauƙi ma, a raba katakon da ƙasa. A kafa turaku a kan siminti, allunan kuma a ɗaga su kamar yatsu uku daga ƙasa, a kwashe busassun ganye da guntayen itace daga gindin shinge. Gara daga ƙasa take hawa, kuma danshi take bi.

Tsohon fenti da gubar dalma

Idan shingen ko ƙyauren yana da tsohon fentin mai, musamman ja ko rawaya mai haske, a yi hattara wajen kankare shi. An daɗe ana zuba dalma a irin waɗannan fenti don launi da saurin bushewa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare da ake daka wa a cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400. Ta fenti ba ta zuwa da irin wannan yawa, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. A hankali take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ya riƙa ja baya a karatu, ba zazzaɓi ba ciwon ciki balle a gane.

Don haka kada a goge tsohon fenti da samfefa a bushe, kada kuma a babbaka shi da wuta. A jiƙa wurin, a shimfiɗa leda a ƙasa, a kankare, a tattare ɓawon a ƙulle. Yara da mai juna biyu su bar wurin har a gama sharewa. Mai aikin ya tuɓe kayansa ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

Yadda ake aikin

Da farko katakon ya zama busasshe. Sabon katako daga kasuwa yakan zo da ruwa a jikinsa, sai a jera shi a inuwa da tazara tsakani na wasu makonni. Gwajin mai sauƙi ne: yayyafa masa ruwa. Idan ya shanye cikin 'yan mintuna, zai sha mai. Idan ruwan ya tsaya dunƙule-dunƙule, a ƙara jira.

Tsohon shinge a wanke shi da ruwan sabulu da burushi mai tauri, a ɗauraye, a ba shi kwana 2 yana shan iska. A buga ƙusoshin da suka leƙo, a canja allon da ya ruɓe, a bi wurare masu sartse da samfefa.

A zaɓi ranar da ba hadari, domin man yana son aƙalla awa 24 ba ruwa. A guji ranakun da hazon hunturu ya yi kauri, ƙura tana manne wa ɗanyen mai ta bar shi da kaushi. Da hantsi bayan raɓa ta bushe, ko bayan la'asar, ya fi tsakar rana, saboda katako mai zafi yana busar da man kafin ya nutse.

Lissafin mai kuwa, a ɗauki shinge mai tsawon mita 10 da tsayin mita 1.5. Fuska ɗaya murabba'in mita 15 ke nan, gaba da baya 30, shafi biyu 60. Idan gwangwani ya ce lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 10, lita 6 ake buƙata. Katakon da ba a goge ba ya fi shan mai, sai a ɗan ƙara.

A juya man sosai, domin launin yana kwanciya a ƙasan gwangwani. A fara gwadawa a wani ɓoyayyen lungu. Sannan a shafa daga sama zuwa ƙasa, ana bin tsawon allo, a gama allo ɗaya kafin a koma na gaba. Kan allo, inda zarto ya yanka, ya fi ko'ina shan ruwa, a ƙosar da shi. Bayan minti 10 zuwa 15 a goge abin da bai nutse ba da tsumma, in ba haka ba zai yi danƙo. A sa safar hannu ta roba da takunkumi. A rufe randa da durom, a ɗauke shanya, a janye kaji, a kashe janareta da murhu idan suna kusa, domin tururin tina yana kama wuta. Wanda ke gidan haya ya sanar da maƙwabta su killace 'ya'yansu.

Bayan an gama

Tsumman da ya sha mai, musamman mai haɗin man linsid, yana iya yin zafi ya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu. A baza shi a fili ya bushe, ko a nutsa shi a bokitin ruwa. Guntayen katakon da aka shafa wa magani, da wanda ya zo daga kamfani da launin kore-kore, ba a girki ko gashin nama da su, hayaƙinsu da tokarsu guba ne.

Ragowar tina ko kananzir kada a juye a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Ta wannan hanya yara da dama ke shan kananzir, suna zaton abin sha ne. Idan hakan ta faru, kada a sa yaro amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin shi ne man ya kuɓuce ya shiga huhu, amai da ɗure kuwa su ke tura shi can. A cire masa kayan da suka jiƙe, a wanke jikinsa, a kai shi asibiti tare da kwalbar, ko da ya yi kamar lafiya lau, domin tari da sarƙewar numfashi suna iya bayyana bayan sa'o'i.

Shingen da aka yi wa wannan aiki yakan kai shekara 2 zuwa 3 kafin ya nemi wani. Duk ƙarshen damina a maimaita gwajin ruwan nan, shi zai faɗa maka lokaci ya yi ko da saura. Yara kuma kada su koma wasa a wurin sai wari ya tafi gaba ɗaya, kuma an goga farin tsumma a jikin katakon ya fito fes.

Sai mako mai zuwa.