Gadon Suna Da Gadon Iko: Darasi Daga Gidan Louis Vuitton

Masu iya magana sun ce kyawun ɗa ya gaji ubansa. To amma me ake gada? Sunan uba ne, ko sana'arsa, ko kuwa ikon juya abin da ya bari? A nawa ganin, tarihin gidan Louis Vuitton na ƙasar Faransa, masu haɗa akwatuna da jakunkuna na alfarma, ya isa ya ba mu amsa.

An haifi Louis Vuitton a 1821 a wani ƙauye da ke gabashin Faransa. Yana yaro ya taka a ƙafa har birnin Faris, inda ya koyi haɗa akwati da shirya wa masu hali kayan tafiya. A 1854 ya buɗe nasa shagon. Akwatunan wancan zamani murfinsu mai doro ne, shi kuwa sai ya fito da mai shimfiɗaɗɗen murfi, wanda ake iya ɗora wani kan wani a jirgin ƙasa ko na ruwa. Da ya mutu a 1892, ɗansa Georges ya karɓi ragama, shi ne ma ya ƙirƙiro tambarin nan na LV a 1896 don maganin masu jabu. Bayansa sai jika, Gaston-Louis, daga 1936 zuwa 1970. Kaka da ɗa da jika, kowanne ya san sana'ar ciki da waje.

A 1977 dangi suka damƙa kamfanin ga surukinsu Henry Racamier, mijin 'yar Gaston, wanda ya yi arziki a cinikin ƙarfe. Ya tarar da shaguna biyu kacal, kafin ƙarshen shekarun 1980 sun haura ɗari. Sai dai shi ne ya kai kamfanin kasuwar hannun jari a 1984, ya kuma haɗe shi da kamfanin giya na Moët Hennessy a 1987, aka samu LVMH. Da rigimar shugabanci ta ɓarke tsakaninsa da Alain Chevalier na ɗaya ɓangaren, sai ya gayyato attajiri Bernard Arnault ya dafa masa. Kaico! Arnault ya yi ta sayen hannun jari har ya zama shugaba a 1989, a 1990 kuma Racamier ya fice bayan doguwar shari'a. Lallai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai karatu zai iya cewa ai kamfanin ya ƙara bunƙasa a hannun baƙo. Haka ne, ban musa ba. Amma ina ikon zuri'ar? Patrick-Louis Vuitton, wanda ya fito daga tsatson Louis, ya ci gaba da kula da akwatuna na musamman a masana'antar Asnières har mutuwarsa a 2019, sunan gidansu na bisa ƙofa, amma yanke hukunci na hannun wani.

Mu dubi maƙwabtansu, gidan Hermès. A 2010 LVMH ya bayyana cewa ya tara kaso mai tsoka na hannun jarinsu. Nan da nan dangin suka dunƙule, suka zuba sama da rabin hannun jarin a kamfani guda a 2011, har LVMH ya janye a 2014. Shi kansa Arnault ya ɗauki darasi, domin a 2022 ya sake wa kamfanin iyalinsa fasali yadda 'ya'yansa biyar za su riƙe iko daidai wa daida.

Saboda haka ra'ayina shi ne, koya wa ɗa sana'a rabin gado ne. Sauran rabin shi ne rubutaccen tsari tun mai gida na da rai: wa zai shugabanta, wa ke da ikon sayar da kasonsa, kuma ga wa. Gidan da ya yi sakaci da wannan, wata rana 'ya'yansa za su karɓi albashi a shagon kakansu.