Kafin mu sayi girafik kad, mu tambayi wuta

Da yawanmu yanzu ba rubutu kaɗai muke yi da kwamfuta ba. Muna zana bangon littafi, muna haɗa bidiyon labaranmu don YouTube, da daddare kuma mu taɓa gem. Duk wannan aikin girafik kad ne, wato katin da ke sarrafa hoto. Kuskurenmu shi ne, in mun je Beirut Road, ƙarfi da farashi kawai muke tambaya.

Mu duba kati biyu na tsakatsaki. RTX 3060 ya fito a 2021 kan dala 329, yana da ma'adana gig 12, yana jan wat 170. RTX 4060 ya fito a 2023 kan dala 299, gig 8 ne, amma wat 115 yake ja, kuma ya fi sauri a yawancin gem.

Wat 55 ke tsakaninsu. Mai masana'anta a Sharada ko Bompai ba zai ma lura ba. Mu a Ɗorayi da ke lallaɓa batirin sola da ƙaramin janareto, wannan ratar ce ke sa a gama aiki ko kwamfuta ta mutu ana tsaka da shi.

Mai haɗa dogon bidiyo, gig 12 za ta yi masa rana. Sauranmu mu ɗauki mai ƙarancin cin wuta, canjin mu kai wa mai gyaran rubutu. In na hannu ne, kada mu biya sai an kunna shi a gabanmu ya yi zafi.