Zuwa Ga Masu Kaskon Tuya

Iyayena da yayyena masu ƙosai, awara da soyayyen kifi,

Na san kuɗin mai ya kai inda ya kai, ba mai son zubar da ko ludayi guda. Shi ya sa nake son mu tattauna a kan abin da ke kashe mai tun kwanansa bai ƙare ba.

Zafi da iska da ruwan da ke fita daga ƙullu su ke cin mai a kasko. Duk tuya sai sun farfasa shi, wani ya yi gafi, wani ya dunƙule ya yi kauri. Danƙon nan da ke manne a bakin kasko, wanda sai an kankare yake fita, irinsa yana narke a cikin man, ƙosai kuma yana sha, yaranmu suna ci.

Tuya ba ta bukatar zafin da ya wuce digiri 170 zuwa 180. Ɓarnar da ta fi damuna ita ce ta lokacin jiran mai saye, mai yana kan wuta babu abin tuya a ciki. Don Allah ku riƙa janye itace.

A Faransa da Indiya doka ta hana tuya da man da lalataccen sinadarinsa ya wuce kashi 25 cikin 100. Suna aunawa da na'ura irin Testo 270, a tsoma ta cikin mai da zafinsa, ta nuna lamba nan take. Akwai kuma takardar gwaji mai sauya launi. Na'urar da tsada, amma ma'aunin zafi na tuya bai fi ƙarfin adashe ba.

Kafin a samu, ido da hanci suna aiki. Ku lura da kumfar da ke taruwa ta ƙi fashewa, da hayaƙi mai yaji a ido tun mai bai gama zafi ba, da yadda yake yauƙi in an ɗaga matsami. Launi kaɗai yana ruɗi, don kifi da yaji suna baƙanta mai da wuri.

Ƙara sabo a kan tsoho ba ya fitar da abin da ya lalace, tsohon ma shi ke saurin ɓata sabon. In an tashi, ku tace ɓarɓashi da tsaftataccen ƙyalle, ku rufe man a inuwa. Gishiri kuma a barbaɗa shi nesa da kasko.

Allah ya ƙara kasuwa.

Ɗanku mai ƙaunarku.