Gidan ɗanɗanon wiski na Edinbara da ƙwaryar furar Shanono

1/ Jama'a, ga zare kan wata muhawara da ba ta ƙarewa a nan. Ɗan Arewa ya je karatu Birtaniya, hutu ya zo, ya leƙa Edinbara, sai ga hotonsa a gidan ɗanɗanon wiski. Wasu su ce ya lalace, wasu su ce wayewa ce. Ni a ganina duk an bar jaki ana dukan taiki. 🧵

2/ Bari in fara da matsayina don kar wani ya karanta rabi ya hau ni da faɗa. Giya haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe wannan babin. Malamai sun karantar da mu cewa ko zama a teburin da ake shanta an hana. Wurin da aka gina don ɗanɗana ta, Musulmi ba shi da abin yi a ciki.

3/ "Ai ban sha ba, lemo suka ba ni." Gaskiya ne suna ba yara da marasa sha lemonsu na Irn-Bru. To amma tikitin da ka saya fa, aljihun wa ya shiga? Hoton da ka ɗora kuma talla ce ka yi musu kyauta, a gaban ƙannenka da ke bibiyarka.

4/ Sai dai kuma idan muka tsaya a "haramun ne" muka rufe waya, mun yi asarar darasi. Ba sai ka taka ƙofar gidan ba kafin ka yi tambaya: me ya sa mutum zai taso daga Japan ko Amurka, ya biya kuɗi, ya bi layi, don kawai a nuna masa yadda ake sarrafa hatsi da ruwa?

5/ Don abin da ke cikin kwalbar ke nan fa. Sha'ir, ruwa, yis. A jiƙa sha'ir ya tsiro, a busar, a niƙa, a bar shi ya yi tsami, a tace ta hanyar tururi, a zuba a gangar katako. Manomi ne farkon labarin, kamar dai manomin gero na ƙauyukanmu.

6/ Gidan da ake kira Scotch Whisky Experience an buɗe shi a 1988, dab da tsohuwar fadar Edinbara, a kan titin da kusan kowane baƙo ke bi. A da, sun shafe shekara da shekaru suna saka baƙi a 'yar mota mai siffar ganga, ta zaga da su mataki-mataki, daga gona har kwalba.

7/ Sannan a koya maka cewa ƙasar ta kasu yanki biyar a wannan sana'a: Highland, Lowland, Speyside, Campbeltown da tsibirin Islay. Kowanne da ƙamshinsa. Na Islay ƙaurin hayaƙi yake yi, saboda baƙar ƙasar fadama da suke ƙonawa wajen busar da sha'ir. Har kati ake ba ka ka shinshina.

8/ Akwai ɗaki guda cike da kwalabe 3,384 da wani mutumin Brazil, Claive Vidiz, ya shafe shekaru yana tarawa. Ba a shan su. Kallo kawai ake yi a ɗauki hoto. Ka ji fa, tarin kwalabe ya zama abin biyan kuɗi a gani.

9/ A 2021 kamfanin Diageo ya buɗe nasa, Johnnie Walker Princes Street, gini mai hawa takwas. Kafin ka fara zagaye sai an tambaye ka irin ɗanɗanon da kake so, a haɗa maka naka. Shi John Walker ɗin kuwa ɗan tireda ne da ya buɗe shago a garin Kilmarnock a 1820.

10/ Ɗan tireda fa. Irin wanda ke bakin tasha a kowane gari namu. Bambancin shi ne an rubuta tarihinsa, an adana, yau ana sayar da shi.

11/ Kuma sun kewaye abin da doka. Dokarsu ta 2009 ta ce ba za ka kira abu wiskin Sikotland ba sai an yi shi a Sikotland, ya kwana a gangar katako aƙalla shekara 3 a can. Ko ka iya haɗa irinsa a wata ƙasa, sunan ba naka ba ne. A 2022 abin da suka fitar waje ya haura fam biliyan 6.

12/ Ga kuma abin da mai zagayawa da kai ba zai tsaya a kansa ba. A 2023 mutum 1,277 ne giya ta kashe kai tsaye a Sikotland. Tun 2018 gwamnatinsu ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin giya don rage sha. Wato abin da suke yi wa ado a gaban baƙi, shi suke yaƙa a asibitocinsu.

13/ To ka ga inda zancen yake. Mutane sun ɗauki abin da ke kashe 'ya'yansu, sun yi masa wanka da kwalliya har duniya na tururuwa. Mu muna da abin da ke raya jiki, halal tsantsa, mun bar shi a gindin bishiya ƙuda na bi.

14/ Mu dawo gida. Shanono, yamma da Bagwai, arewa da Gwarzo, iyaka da jihar Katsina. Gona na bin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake, ga rugage a tsakani. Ko sunan garin ka furta a hankali, gayyata ce: sha nono. Wani kamfanin sai ya biya miliyoyi kafin a ƙirƙiro masa suna irin wannan.

15/ Yanzu ku ƙirga matakan fura, ku gaya min ko ba ta kai a zagaya da baƙo ba. A sussuka gero, a sheƙe, a surfa, a wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A dunƙula, a dafa, a kirɓa a turmi tun da zafinta, a cura, a barbaɗe da gari.

16/ Nono ma da nasa karatun. Tatsar safe daban. Kindirmo da bai rabu da mansa ba daban. Tsala da aka kaɗe aka cire man shanu daban. Nonon damina lokacin ɗanyar ciyawa ba ɗaya yake da na rani ba. Tsohuwar da ta shekara 40 tana wannan aiki, da harshe kawai za ta bambance maka su.

17/ Wanda ya iya bambance ɗanɗanon wiski, a can sunansa ƙwararre, albashi ake biyansa, har jarida ke hira da shi. Wadda ta iya bambance nono, a nan sunanta "mai nono", kuma sai mun taya ƙwaryarta rabin kuɗi muna yatsina. Wallahi wannan ya fi ci min rai a duk zancen.

18/ Kuma ku duba gidajenmu na birni. Yara nawa ne 'yan shekara 15 a Kano suka taɓa ganin an kirɓa fura? Da yawa sun ɗauka a firji take tsirowa cikin roba. Ga madarar gari da muke sha kullum, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, alhali shanu na kwana a bayan gari.

19/ Abin da nake cewa a yi ba gini mai hawa takwas ba ne. Tsakar gida ɗaya mai tsafta. Rumfa, tabarmi, turmi 3, rumbu na gaske da za a leƙa. Baƙo ya riƙe taɓarya da hannunsa, ya gwada kirɓi, a yi masa dariya, ya cura tasa furar, a ga kamun ludayinsa.

20/ Sai zaman ɗanɗano. Ƙananan ƙoƙuna 5 a kan faifai: furar gero, furar maiwa, mai yaji, marar yaji, wadda aka dama da kindirmo zalla. A gefe kunun tsamiya, kunun kanwa, zoɓo. Ka zaɓi wadda ta fi maka, a gaya maka daga gonar da geron ya fito da rugar da aka tatso nonon.

21/ In za ka tafi, ka sayi garin fura a leda mai suna, man shanu a kwalba, ƙuli-ƙuli, ludayi da ƙwarya mai zane. A Edinbara ma ta shago ake fitar da kai. Sun san wanda ya ga wahalar aiki da idonsa ba ya taya kaya da wulaƙanci.

22/ Na san me wani zai rubuto: "Malam, wa zai zo Shanono yawon buɗe ido alhali 'yan bindiga na tsallakowa daga Katsina?" Tambaya ce ta gaskiya. Ƙauyukan bakin iyaka sun ga tashin hankali, an kashe mutane, an kore shanu. Wanda bai yi barci ba ba ya karɓar baƙi.

23/ Tsaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma ba za mu daina binta bashinsa ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Rubuta yadda ake yin abin, ɗaukar tsofaffi a bidiyo suna bayani, koya wa matasa tarbar baƙo, duk ana iya farawa yau. In an kore shanun kuma tsofaffin suka tafi da iliminsu, asara ta zama biyu.

24/ Kuma ku cire Bature daga lissafi tukuna. Baƙonmu na farko ɗan makarantar firamare ne daga Kano da ake kai wa gidan zu da Gidan Makama. Sai 'yan bautar ƙasa. Sai 'yan garin da ke Abuja da Legas masu dawowa da yara hutun Sallah. In hanya ba ta yi daɗi ba, a kafa rumfar a cikin birni, matan Shanono su riƙe ta.

25/ Wani kuma zai ce ai fura ba ta ajiyuwa kamar wiski, kwana biyu ta yi tsami. Haka ne. Shi ya sa ma ta dace da a zo a sha a inda ake yinta. Abin da ke tafiya nesa shi ne garin, da man shanu, da sunan. Sunan kuwa shi ya fi komai tsada.

26/ Maƙwabtanmu sun riga mu gane haka. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a hukumar OAPI, ta yadda sunan ya zama na yankin da masu sana'ar. Indiya ta yi wa shayin Darjeeling irin wannan tun 2004. Babu ɗigon giya a ko ɗaya.

27/ Wuraren zagaye na halal ma sun cika duniya. Cadbury World a Birmingham cakulan ne, tun 1990. A Japan akwai gidan tarihin taliyar kofi inda kake haɗa taka da hannunka. Taliyar 'yan makaranta fa. Don haka ɗalibinmu da ke son ganin yadda ake wannan dabara yana da inda zai je ba tare da ya zauna gaban kwalba ba.

28/ A Kano ma muna da rabin abin. Marinar Ƙofar Mata, da ake danganta kafuwarta da 1498, baƙi na zuwa su ga baba da toka sun zama shuɗi. Hawan Sallar Kano ya shiga kundin UNESCO a Disambar 2024. Baƙin da suka zo kallon dawaki, ina muke kai su washegari? Otal, sai filin jirgi.

29/ Sharaɗi na farko, tsafta. Nonon da ba a tafasa ba yana iya ɗauke da cuta, har da tarin fuka na shanu. A tafasa madara kafin a kwantar, ruwan damu ya zama mai kyau, a rufe ƙwarya, a wanke hannu. Baƙo ɗaya ya kwana da ciwon ciki ya rubuta a nan, an gama da sunan gari.

30/ Sharaɗi na biyu, kuɗin ya isa hannun masu aikin. Mun saba gani: mata su yi daka, wani mai babbar riga ya yanke kintinkiri, hoto ya fita, shi ke nan. In za a yi, matan da ke kirɓi da masu tatsa su ne masu gida, su ke yanka farashi. Matasa mu riƙe waya, lissafi da talla.

31/ Don a ƙarshe zancen na cirani ne. Saurayin da ya gama girbi ya sayar da buhu a farashin kaka, ya hau mota zuwa kudu tura baro, ba don yana ƙin garinsu ya tafi ba. Geron da ya sayar da arha, wani ne zai sarrafa shi ya ci ribar. Duk matakin da aka ƙara a gida, aikin mutum ɗaya ne da bai tafi ba.

32/ Saboda haka ɗan'uwa da ke Birtaniya, in ka je Edinbara ka hau dutsen Arthur's Seat, ka shiga gidan tarihinsu na ƙasa, kyauta ne ma. Gidan wiski kuwa ka wuce shi. Amma ka tsaya daga waje ka dubi layin, ka tambayi kanka me kakarka ta iya da ya kai a yi masa layi haka.

33/ Masu zagi kuma a sassauta. Wanda ya shiga bisa rashin sani, nasiha a asirce ta fi tsinuwa a bainar jama'a. Zagi bai taɓa ƙara wa mai nono ko naira ɗaya a ƙwarya ba.

34/ Aikin wannan makon mai sauƙi ne. In kana da tsohuwa a gida da ta iya fura, daddawa, kunun kanwa ko man shanu, nemi izininta ka ɗauke ta minti 10 tana bayani da bakinta. Ka tambaye ta wa ya koya mata. Ka adana.

35/ Sannan ku amsa min a ƙasa: wane gari ne furarsa ta fi ta ko'ina, kuma me ya bambanta ta? Gero ne, yaji ne, ko nonon? 'Yan Gwarzo, Bichi, Ɗambatta da Malumfashi, ina jiran ku. Mu dai na Shanono sunanmu ya riga ya yi magana.