Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba: wasiƙa ga ma'aikatan lafiya na Agye, Gazawa da Gidan Rumji



Wahalar da kuke sha da damina kan zazzaɓin sauro da tamowar yara, kowa shaida ne. Allah ya saka muku.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kalma ɗaya ce: olsa. Mace ta zo ta ce wata da watanni, loma uku in ta yi sai ciki ya cika tim, ƙahon zuci na zafi. Kafin ta rufe baki kun rubuta omeprazole. Ta shanye ta dawo, ku ƙara. Daga ƙarshe a tura ta Maradi, a zura mata na'ura, a ga tumbi ba gyambo. Sai ku ce: "Ba ki da komai, tunani ne."

Haba! Ciwon nan gaskiya ne. Mai yiwuwa jijiyoyin tumbinta ne suka cika ji, kamar fatar da ta ƙone, ko riga ta shafe ta sai raɗaɗi. A 2001, likita Jan Tack da abokan aikinsa a Beljiyam sun hura balan-balan cikin tumbin masu irin wannan ciwo. Wajen ɗaya cikin uku sun ji zafi da 'yar iskar da ba ta damun mai lafiya. Damuwa tana rura ciwon, amma ba ƙirƙirarsa ta yi ba.

Manjojin da suka koya mana aiki ba su da na'ura, amma sai sun kwantar da mutum sun taɓa ciki, sun tambayi abin da ya ci. Yau biro ya riga hannu. Wadda kuka sallama da "ba komai", wurin mai tallar ƙwayoyi za ta nufa ran kasuwa, ya ba ta diclofenac, ta haɗa da kanwa. Olsar da ba ta da ita, a nan za ta samo ta. Alhakin wa?

Ku yi haƙuri da kaifin harshena. Ku fara neman alamun haɗari: rama, aman jini, baƙin bayan gida, wahalar haɗiya, ƙarancin jini. Mai su, a tura shi gaba nan take. Inda da hali a gwada ƙwayar H. pylori. In babu ko ɗaya daga cikin alamun, ku zaunar da matar ku yi mata bayanin ciwonta, ku ce mata ba mai kisa ba ne. Ta riƙa ci kaɗan-kaɗan, ta rage maiƙo da yaji, da shayi mai kauri in yana tayar mata. In ya ƙi, likita na iya gwada amitriptyline kaɗan da dare.

Allah ya sa albarka a hannuwanku.

Naku,
Tsohon manjo